An gayyace mu Midsommar a bakin teku, ga yara ƙanana: a je ko a zauna gida?

Maman Sadik (Örebro):
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara na zo nema. Wani abokin aikin maigidana, ɗan ƙasar nan Suwidin, ya gayyace mu bikin Midsommar, wato bikin tsakiyar bazara, a gidan hutunsu na katako da ke bakin teku a Bohuslän. Maigidan ya riga ya ce masa to kafin ya faɗa min. Yanzu kuma yana cewa tunda hutunsa ya faɗo a Yuli, mu ƙara da zuwa wani bakin tekun mu sha iska. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Sadik shekararsa huɗu, duk abin da ya gani a faranti sai ya kai baki, ƙanwarsa ko biyu ba ta cika ba. Ban san abincin mutanen nan ba, kuma daga ni har babansu ba wanda ya iya ruwa. Waɗanda suka riga mu zama a ƙasar nan, me kuka gani?

Hajiya Inna (Göteborg):
Wa alaikumus salam 'yata. Ki kwantar da hankalinki ki shirya kayan yara. Cikin bukukuwan mutanen nan, teburin Midsommar ne ya fi mana sauƙi. Na Kirsimeti ne mai wuya, don cinyar alade ce ke zama a tsakiya.

Bikin yana faɗowa ranar Juma'ar da ke tsakanin 19 da 25 ga Yuni, kuma duk gidan da kika shiga kusan abu ɗaya za ki tarar. Akwai kifin da suke kira sill, wanda ake jiƙawa a ruwan khal da sukari da albasa a ci da sanyinsa. Akwai sabon dankalin bana, 'yan ƙanana, a dafa su da ganyen dill. Sai kirim mai tsami, dafaffen ƙwai, kifin salmon, busasshen burodi mai ƙaras-ƙaras da cuku. A rufe da sitiroberi da kirim, kuma lallai na gonar ƙasar, don a makon nan farashinsa har cikin labarai ake faɗa. Duk wannan ba abin da zai hana ki ci.

Inda za ki sa ido shi ne dunƙulen naman nan köttbullar da ƙananan sosij da ake soyawa saboda yara, kuma su ne Sadik zai fara miƙa wa hannu. Yawanci niƙaƙƙen naman shanu da na alade ake haɗawa. Ki riƙe waɗannan a ka in kin shiga kanti: fläsk, gris, skinka, ister, blandfärs. Duk ledar da kika ga ɗayansu, ki mayar. Kwalbar sill ma ki karanta, akwai wanda ake zuba wa sherry. Haka lemon kwalbar nan cider da ke jere kusa da na yara, wani yana da giya har kashi 2.25 cikin ɗari, sai wanda aka rubuta alkoholfri.

Alhaji Kawu (Stockholm):
Hajiya, kin lissafa dankali da ƙwai kin tsallake babban abin. Me ake kora kifin da shi? Ba ƙananan kofunan giyar snaps ba ne, a rera waƙa a kurɓa, a sake rerawa a sake kurɓa? Rana ce da 'yan sanda da asibitoci ke kwana a tsaye saboda buguwa. Ga kuma itacen da ake kafawa a lulluɓe da ganye, manya da yara su kewaye shi suna tsallen kwaɗi. Ni tun zuwana ƙasar nan ban taɓa kai iyalina ba, kuma ba abin da ya ragu a jikinmu.

Ɗan Zazzau (Uppsala):
Maganar Alhaji tana da tushe, kada a yi mata dariya. Hadisi ya zo da hani ga mumini ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Wannan ba ya buƙatar dogon tawili. Batun itacen ne nake ganin da sauƙi. A da ranar 24 ga Yuni ake bikin, ranar da coci ke tunawa da haihuwar Annabi Yahaya, sai a 1953 aka mayar da shi ƙarshen mako. Amma waɗanda na gani suna rawar a nan Uppsala ba ibada suke ba, murnar dawowar rana suke bayan duhun hunturu. Saboda haka ni ba itacen ne damuwata ba, teburin ne.

Baban Ummi (Malmö):
Malam, Allah ya ƙara sani. Bari in faɗi yadda muke yi, wanda ya ga da gyara ya gyara.

Mutanen nan suna son a faɗa musu abu tun da wuri. Kafin ka buɗe baki ma za su tambaye ka ko akwai abin da yaranka ba sa ci, saboda sun saba da masu alaji da masu ƙin nama. Ina rubuta wa mai gida saƙo a fili: ba ma cin alade, ba ma shan giya, ba ma zama inda ake sha, za mu zo da namanmu. Ban taɓa ganin wanda ya ɓata rai ba. Abin da ke ɓata musu rai shi ne ka yi shiru, mace ta wahala ta dafa, ka zo kana tura faranti gefe.

Kuma bikin kashi biyu ne. Da rana na yara ne: tsinkar furanni, ɗaura rawanin fure, rawa a filin gari, sitiroberi. Ana kafa wa yara teburinsu daban, mu can muke zama da su, kuma iyayen sauran yaran har godiya suke mana. Shan gaske da yamma yake kankama, kafin nan mun yi sallama mun kama hanya.

Alhaji Kawu (Stockholm):
Wato a raba tebur biyu a tsakar gida ɗaya shi ke nan an fita daga hani? Baban Ummi, wannan ai wayo ne.

Hajiya Inna (Göteborg):
Alhaji, kai naka sun girma a lokacin da kake iya rufe ƙofa. Yaron nan Sadik a watan Agusta zai koma makarantar reno, malama ta zaunar da su a da'ira ta ce kowa ya faɗi abin da ya yi da hutu. Wannan ya kama ƙaguwa, wancan ya kwana a tanti. Shi ya ce me? Ya kalli talabijin? Na ga yaran da aka tsare haka, ranar da suka kai shekara goma sha biyar su kaɗai suka tafi bikin, kuma na dare suka je. Gara ya fara ganinsa hannunsa cikin na uwarsa, ya ji ta ce wannan muna ci, wannan ba ma ci.

'Yar Nima (Västerås):
Ni duk ba wannan ba. Maman Sadik, ki cika kula da abinci ki sa a mota, kada ki dogara da tukunyar kowa! Ɗana ya taɓa zuwa wasa gidan maƙwabta, ya dawo min da yamma yana cewa yunwa. Na ce ba ku ci komai ba? Ya ce an kira abokinsa ya je ya ci, shi aka ce ya jira a ɗaki ya ci gaba da wasa. Wallahi ranar ban yi barci ba. A Zongo ko karen maƙwabta ya shigo ana cin abinci sai an jefa masa ƙashi. Na yi niyyar in je in buga musu ƙofa, babansa ne ya riƙe ni.

Hajiya Inna (Göteborg):
Ƙanwata, ba ke kaɗai ba. A 2022 duniya gaba ɗaya ta yi musu ca a kan wannan, daga Reddit aka faro aka koma Twitter, har aka laƙaba wa abin suna Swedengate. Su kansu sun rabu biyu, wasu na cewa ƙarya ake musu, wasu na cewa tabbas haka suka tashi.

Na zauna da wata tsohuwa maƙwabciyata na tambaye ta, kuma abin da ta faɗa ya sa na sassauta, ko da yake ban yarda da shi duka ba. A wurinsu cin abincin yamma, wajen biyar zuwa shida, shi ne lokacin da iyali ke haɗuwa. Uwar wancan yaron ta yi cefane, ta dafa, tana jiran ɗanta. In kin cika masa ciki ba da saninta ba, kin rushe mata tsari, kuma kin nuna kamar ba ta iya ciyar da ɗanta. Sannan ba sa son bashin alheri. Kin ciyar da nawa yau, dole gobe in rama, su kuma wannan dolen ce ba sa so. Shi ya sa in an fita tare kowa ke biyan nasa, ko kofin shayi ne sai a turo miki kuɗinki ta Swish, manhajar tura kuɗi ta waya. Girkin ma a ƙirge yake: mutum huɗu, yankan kifi huɗu.

Iyayen yanzu sun canza sosai. Saƙo za ki gani a waya: za mu ci abinci, ya ci tare da mu? Amma gayyata irin ta Maman Sadik daban ce. Wanda aka gayyata an ƙirga da shi. Abin da ya kamata ta yi shi ne ta tambaya me za ta kawo, don irin wannan taron kowa kan zo da kwanonsa.

Ɗiyar Damagaram (Sundsvall):
Hajiya kin yi musu lauya mai kyau, amma har yanzu abin bai zauna min ba. Mu a gida ana ɗora tukunya da rabon wanda bai zo ba tukuna. Ni abin da na ɗauka shi ne ba zan canza nawa ba. Duk yaron da ya shigo gidana lokacin cin abinci zai ci. Sai dai yanzu nakan tura wa uwarsa saƙo tukuna. Akwai wata 'yar maƙwabta da ta ɗanɗana dambun shinkafa da zogale, yau uwar ce ke aiko ta da roba.

Alhaji Kawu (Stockholm):
To kun gani. Baƙonka annabinka, mu haka aka koya mana. Mutanen da ke ƙirga yankan kifi su ne za su koya wa 'ya'yanmu zaman duniya?

Anti Nas (Solna):
Kawu, a yi musu adalci. Ƙasar da ba a ba ɗan maƙwabci abincin dare ita ce kuma ƙasar da kowane ɗan firamare ke cin dafaffen abincin rana kyauta a makaranta, ɗan minista da ɗan gudun hijira layi ɗaya. Sun ɗauke ciyarwar daga hannun maƙwabci sun ɗora wa haraji.

Kuma mu ma muna yi musu abin da ke tayar musu da hankali. Yaro ya shigo, mu cika masa hannu da alewa ranar Talata. A nan alewa ta ranar Asabar ce, lördagsgodis, kuma asalin abin ba daɗi. Tsakanin 1945 da 1955 an yi wani gwaji a asibitin Vipeholm da ke Lund, inda ake ajiye masu naƙasar ƙwaƙwalwa. Aka riƙa ba su alewa mai danƙo tsakanin abinci, ba da yardarsu ba, don a ga yadda haƙori ke ruɓewa. Haƙoran da yawansu suka lalace. Abin da aka gano shi ne yawan maimaita shan zaƙi cikin yini ya fi ɓarna a kan shan mai yawa a zama ɗaya. Daga nan hukuma ta shawarci iyaye su tara alewar mako a rana guda. Zalunci ne aka yi wa bayin Allah, amma shawarar ta zauna, ni ma ita nake bi a gidana.

Maman Sadik, washegarin Midsommar Asabar ce, za a fito da jakar alewa. Masu taushin nan da ke tauna kamar roba yawancinsu da jelatin ake yi, kuma galibi na alade ne. Ki sayi naki tun daga gida, ki nemi wanda aka rubuta vegansk ko gelatinfri, ki ba mai gida ta zuba wa yaran duka.

Maman Sadik (Örebro):
Allah ya saka da alheri, ina rubutawa. Na gaya wa maigidan maganar Malam da ta Baban Ummi, ya ce zai yi wa abokin nasa magana. Saura batun ruwan, shi ne ya fi tsaya min a rai. Ina ne yaro zai yi wasa ba tare da raina yana hannuna ba?

Baban Ummi (Malmö):
Bohuslän wurin kallo ne, amma ba nan zan kai 'yar da ba ta cika shekara biyu ba ta yi wanka. Gaɓar can falalen dutse ce, mai santsi in ta jiƙe, kuma a wurare da yawa daga dutse sai zurfi. Abin da ya dace da Sadik a can shi ne kamun ƙaguwa. Zare ake samu a ɗaura abin maƙale shanya a bakinsa, a maƙala guntun kifi ko jatan lande, a kwanta rub da ciki a kan gadar katako a zura. Ƙaguwa ta kama, a jawo a hankali a sa a bokiti da ruwan teku. In an gama a mayar da su. Yaro zai yini a kan wannan bai nemi waya ba. Amma da rigar ceto a jikinsa, ko da kina tsaye a kansa.

Na Yuli kuma ki nemi rairayi. Ta yamma akwai Halland: Mellbystrand, inda yashin ya miƙe kilomita 12, da Tylösand kusa da Halmstad, ɗaya daga cikin wurare ƙalilan da masu ceto ke gadi lokacin bazara. Ki lura da wannan, yawancin bakin ruwan ƙasar nan ba mai gadi, ke ce mai gadin. Ta gabas akwai tsibirin Öland, ana haye gada mai kilomita shida daga Kalmar, ba a biyan ko sisi. Can arewacinsa Böda take, farin yashi, kuma sai ki yi ta tafiya cikin ruwa bai wuce gwiwa ba. Mu a nan Malmö Ribersborg muke zuwa, cikin gari take, ita ma ba zurfi.

Wanda ba shi da mota kada ya ce an bar shi. A Göteborg tiram mai lamba 11 na kai mutum Saltholmen, daga nan jirgin ruwa zuwa Styrsö ko Vrångö da tikitin motar gari, kuma tsibiran ba motoci, yaro zai yi gudunsa.

Kada hoto ya ruɗe ki, ruwan da sanyi. Digiri 17 zuwa 20 shi ne abin da aka saba, 'ya'yansu su faɗa suna ihun murna, namu su fito leɓe na rawa. Ki tafi da suwaita da babban tawul da filas na shayi. Ɗakin kwana kuma a kama tun yanzu, doka ta ba ma'aikaci damar hutun mako huɗu a jere tsakanin Yuni da Agusta, kuma kusan kowa Yuli yake zaɓa. Ki sa labule mai kauri a jaka. Rana ba ta faɗuwa sai bayan goma na dare, wajen huɗu ta fito, yara su ƙi barci su ce ai gari bai yi duhu ba.

Anti Nas (Solna):
Bari in ƙara ta ɓangaren aikina.

Tekun gabas, wato Baltik, inda Öland da Gotland suke, gishirinsa kaɗan ne, kuma in zafi ya daɗe a Yuli da Agusta wata gansakuka mai guba takan taso. Ruwan ya yi kauri, ya koma ruwan ɗorawa-ɗorawa ko kore. Babba zai iya tsira da ƙaiƙayi, amma ƙaramin yaro haɗiyar ruwa yake, sai amai da gudawa. In kin ga haka ko ƙafa kada su sa. Hukumar yanayi SMHI tana nuna inda ta taso, a duba kafin a fita. Ta yamma kuma akwai wata halitta mai yauƙi da ke yawo a ruwa. Farar ba ta komai, ja mai dogayen zare, brännmanet, ita ke ƙuna. In ta taɓa yaro a wanke da ruwan teku, ba na famfo ba, a cire zaren.

Sai kaska. Tana cikin dogayen ciyayi, ta fi yawa a tsibiran Stockholm da kewayen tafkin Mälaren, amma ta bazu. Kowane dare a tuɓe yaro a duba bayan kunne, hammata, matsematsi da bayan gwiwa. A fatarmu sai an kawo fitila, don ba ta fita kamar a tasu. Cuta biyu take kawowa: TBE mai taɓa ƙwaƙwalwa, wadda ke da rigakafi, da borrelia wadda ba ta da shi amma tana jin magani. Ki kira 1177, layin shawarar lafiya, ki tambaya game da allurar tun yanzu, don ba sau ɗaya ake yi ba. Na gaggawa 112.

Abu na ƙarshe, kifi. A bakin ruwan gabas za ki ga rumfunan da ke sayar da soyayyen strömming, ƙamshi har titi. Hukumar abinci ta ƙasa ta ce yara da matan da ke shekarun haihuwa kada su ci shi fiye da sau biyu zuwa uku a shekara, saboda gubar dayoksin da PCB da ta taru a Baltik. Haka salmon da aka kamo a can. Sill na kwalba galibi daga tekun yamma da Atlantika yake, shi ba ya cikin wannan gargaɗin.

Alhaji Kawu (Stockholm):
Kaska, guba, gansakuka. Kuma har yanzu ba wanda ya ambaci tsiraici. Ko shi ma akwai lambar da ake kira?

Hajiya Inna (Göteborg):
Akwai tsiraici, Alhaji, ba wanda ya musa. Ƙananan yara ma tsirara suke yawo. Kuma Maman Sadik, in kin je Malmö kin hango wani dogon gini na katako a kan ruwa a Ribersborg, kada ki ce bari in leƙa. Gidan wanka ne, maza daban mata daban, amma ba a sa komai.

Sai dai ƙasar nan ta ba mu mafita da kanta. Suna da wani haƙƙi, allemansrätten, wanda ke cikin kundin tsarin mulki tun 1994: kowa na da damar shiga daji da bakin ruwa ko da filin wani ne, ya yi wanka, ya tsinki 'ya'yan itace, ya kafa tanti dare ɗaya, muddin bai matsa kusa da gidan mutane ba, bai yi ɓarna ba. To me zai kai ni tsakiyar cunkoso? Mukan fita da sassafe, mu ɗan yi tafiya mu bar inda motoci ke tsayawa, mu sami lungunmu. Ina shiga ruwa da doguwar rigar wanka da hula, na shimfiɗa darduma na yi azahar a kan yashi, ba wanda ya taɓa ce min kanzil. Wuta ce kawai ba a hurawa a kan dutse don tana fasa shi, kuma in fari ya yi ana hana hura ta gaba ɗaya, a duba sanarwar ƙaramar hukuma kafin a ɗauki gawayi.

'Yar Nima (Västerås):
Ni a bakin teku na girma a Accra, kuma ina gaya muku ruwan da ya kwanta shiru ya fi ban tsoro, don shi ke sa uwa ta ɗauki waya. Yaro ba ya ihu in yana nutsewa. Ƙaramin yaro kada ya wuce inda hannunki zai kai. Balan-balan ɗin da ake sa wa a damtse ba rigar ceto ba ce. Ba sai kin saya ba, Fritidsbanken na ba da aron kayan wasanni kyauta har kwana 14, wasu ƙananan hukumomi ma suna ba da aron rigar.

Kuma ku iyaye ku shiga ajin koyon ruwa, ba abin kunya ba ne, wasu garuruwan suna da lokacin mata zalla. A aji shida sai yaro ya yi iyon mita 200, hamsin daga ciki a rigingine, kafin ya ci darasin motsa jiki. Ɗanki zai iya, ke kina tsaye a gaɓa.

Ɗaya kuma, ku yi haƙuri da ni. In yaro ya ruga cikin ruwa kika kamo shi, hannu zai so ya tashi. Ki riƙe shi. Tun 1979 ƙasar nan ta haramta dukan yara, ita ce ta farko a duniya, kuma a bakin teku idanu ɗari ne a kanki.

Baban Ummi (Malmö):
Gaskiya ne. Kuma a faɗa wa Baban Sadik hutun ba na kwanciya da jarida ba ne. Ƙasar da ke ba iyaye kwana 480 na reno, ta keɓe wa uba 90 da ba zai iya miƙa wa matarsa ba, ba za a ga uwa na bin yara biyu shi yana kishingiɗe ba. Yaro ɗaya, babba ɗaya. Gashin nama ma aikinsa ne. Ya jiƙa kaza da yajin ƙuli tun dare, ya tafi da takardar alminiyom ya shimfiɗa a kan wayar gashin, tunda ba a san me aka gasa a kai jiya ba. In ƙamshin ya tashi zai ga masu sill sun matso da farantansu.

Ɗiyar Damagaram (Sundsvall):
Tunda an zo kan ƙamshi, ku bari in ba ku labarin namu na arewa. Ranar Alhamis ta uku a watan Agusta ake buɗe surströmming. Kifin Baltik ne da ake kamawa kafin bazara, a sa masa gishiri kaɗan a bar shi ya ruɓa, a rufe a gwangwani ya ci gaba da aiki har gwangwanin ya kumbura. Gidansa gaɓar Höga Kusten, nan arewa da mu. A waje ake buɗewa, wasu ma cikin bokitin ruwa, don in ya fesa a riga sai dai haƙuri. Waɗanda kuke gani a bidiyo suna amai, daga gwangwani suke kaiwa baki. Ba haka ake ci ba. Ana cire ƙaya, a yanka ƙanana, a naɗe cikin burodi mai faɗi da man shanu da dankali da ɗanyar albasa. Duk wanda ya tashi a gidan da ake daka daddawa ya san wari daban, ɗanɗano daban. Ni ina ci. Yara kuwa na bar su da dankalin, saboda abin da Anti Nas ta faɗa.

Maman Sadik (Örebro):
Ɗiyar Damagaram, wannan kam na bar miki! Amma kin tuna min. Matar abokin nasa ta ce in mun ji daɗi mu dawo a Agusta cin kräftor, wata halittar ruwa dangin jatan lande, ta turo hoton wasu jajayen abubuwa masu ƙafafu da hular takarda a kan kowa. Malam, wannan ya halatta?

Ɗan Zazzau (Uppsala):
A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, dabbar ruwa halal ce, kifi ne ko ba kifi ba, na teku ko na tafki. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa: teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Hanafawa ne suka tsaya a kan kifi kaɗai, shi ya sa za ki ga maƙwabcinki Baturke ko ɗan Pakistan ya ƙi ci, kada ki ɗauka ke ce a kan kuskure. Abin tambaya shi ne ruwan dahuwar. Da gishiri da dill ake dafa su a ci da sanyi, amma masu dafawa a gida da yawa suna zuba giya a ciki. Na kanti da ke zuwa a daskare, waɗanda galibi daga Sin da Turkiyya ake kawowa, a karanta kwalin. Kuma maganar tebur tana nan yadda na faɗa, don shagalin kräftor na dare ne, shan da ake yi a cikinsa ya fi na Midsommar fitowa fili. Ni da za a bi tawa, ki saya ki kai gida ku ci da yara.

Alhaji Kawu (Stockholm):
Halal ne, na ji. Amma mutum ya yi rabin sa'a yana fasa ƙwaro don naman da bai cika cokali ba, Allah ya ba ku haƙuri.

Anti Nas (Solna):
Kawu, ba a tilasta maka ba. Maman Sadik, in yaran ba su taɓa cin jatan lande ko danginsa ba, ki fara ba su ɗan kaɗan a gida da rana, ki sa ido ko fata za ta yi borin jini ko leɓe ya kumbura. Kada gwajin farko ya zama a tsibirin da sai an jira jirgi kafin a kai asibiti.